Ruwan da Bai Shiga Ƙasa Ba

A zauren Masu Duban Hadari ba a yarda da "an ce" ba. In an yi ruwa a garinku, sai ka fita bakin gona, ka tsuguna, ka tona ƙasa da hannunka har ka tarar da busasshiya. Sannan ka ɗauki waya ka faɗa wa jama'a inda danshi ya tsaya: gaɓar yatsa, ko tsakiyar tafi, ko wuyan hannu. In ya wuce wuyan hannu, ruwan shuka ne, kowa ya ɗauko sungumi.

Alhaji Sama'ilu na Gezawa ne ya buɗe zauren a WhatsApp, shi ne kuma ya kafa dokar. Da yake hadari daga gabas yake tasowa, shi yake fara gani. Zai saki murya ya ce, "Ya haɗo baƙi ƙirin, na Dawakin Tofa ku kwashe shanya." Can sai Hashimu, taubashinsa da ke Dawakin Tofa, ya amsa cewa iska ta iso, har ta tafi da hularsa. Daga nan sai a saurari Malam Mati, wanda ƙauyensu ke gaba da Bici kaɗan, shi ne na ƙarshen samu. Maganarsa ba ta da yawa. "Ya iso. Tafi ne." Shi ke nan.

Akwai doka ta biyu. Duk wanda damina ta wuce bai tona ƙasa ya kawo rahoto ko sau ɗaya ba, in an gama kai amfani rumbu, Alhaji Sama'ilu zai cire shi. Shara yake kiran wannan aiki, kuma ba ya duban fuskar kowa. Ya taɓa share ƙanin matarsa.

A wannan shekara sharar ta yi jinkiri har sanyi ya kankama. Ranar wata Litinin da la'asar, Malam Mati yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa yana gyaran igiyar guga, sai muryar Alhaji ta shigo. Ya ce ranar Juma'a zai yi shara, ya kuma jero sunayen waɗanda tsintsiya za ta hau. Na ƙarshe shi ne Abdulkabir.

Malam Mati bai ɗago kai ba. Matarsa Inna Kulu, wadda ke ɓarar gyaɗa a gindin rumbu, ita ma ba ta ɗago ba. Amma hannunta ya tsaya.

Abdulkabir ɗansu ne na fari, ya tafi Kanada karatun noma tun kafin damina. Ɗan fari kuwa a gidan Malam Mati ba a kiran sunansa, ba a tambayar ko ya ci, ba a nuna an yi kewarsa. Haka suka taso suka tarar, haka suka riƙe. In ya bugo waya, Malam Mati yakan amsa gaisuwa, ya ce a yi ta haƙuri a riƙe salla, ya miƙa wa Ummi, autarsu. Inna Kulu kuwa ko karɓa ba ta yi, sai dai ta sami abin yi a kusa.

Wuri ɗaya kawai suka saba jin muryar yaron ta yi tsawo, wato zauren. Tun yana kwaleji a Bici shi ne mai surutun cikinsu, yakan kwatanta hadari har da kalar gefensa. Malam Mati yakan ƙure ƙarar wayar, wai kunnensa ya yi nauyi, Inna Kulu kuma takan ji komai ba tare da ta saurara ba. Tun da ya tafi ya yi shiru, gaskiya ne. Amma sunansa yana nan a jerin, da ɗan hotonsa sanye da hula zanna, kuma Malam Mati yakan buɗe jerin ya duba ko an sami sabon shiga. In aka share shi, ko wannan babu.

"Malam," in ji Inna Kulu, idonta a kan gyaɗa, "wai su wa za a cire?"

"Waɗanda ba su tona ba."

"To."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Hashimu ne ya tsokano maganar da yamma. "Kai Abdulkabir, ɗan Kanada! Ƙasar taku ba a ruwa ne, ko hannun ne ya yi laushi ba ya iya tona? Tsohon nan na Gezawa ya wasa tsintsiya fa."

Washegari da azahar, lokacin da gari ke wayewa a can, amsa ta zo. Muryar ta ɗan dushe, amma ita ce. Ya gaida Alhaji, ya gaida kawu Hashimu, ya gaida "su Baba na Bici", ya ba da haƙuri. Ya ce karatu ne da ɗan aikin da yake yi suka sha kansa, kuma ya ga kamar ruwan wata ƙasa ba shi da amfani ga mai shuka gero a Gezawa. Sannan ya ce, "Amma ana ta sanarwa a nan cewa babban hadari na tafe ranar Alhamis. Ba na ruwa ba, na dusar ƙanƙara. Har an ce a sayi abinci a ajiye."

"An ce," in ji Alhaji Sama'ilu. "Ka ji ko? An ce. Mu ba ma cin an ce a nan."

"Alhaji, ka bar yaro ya ƙarasa mana," in ji Hashimu. "Kai in ba kai ka fara ganin hadari ba, ba hadari ba ne."

An yi ta ja-in-ja har magariba. Wasu suka ce ƙanƙara ba ruwa ba ce. Wani malami daga wajen Dawakin Tofa ya ce ana alwala da ita in ta narke, don haka ruwa ce. A ƙarshe Alhaji ya yanke: in ta sauka kafin Juma'a, yaron ya fita ya tona ƙasa da hannunsa kamar kowa, ya faɗi inda danshi ya tsaya. In ya yi haka ya tsira.

Rani ne, babu abin dubawa a sama, mutane sun gaji da tura wa juna gaisuwar Juma'a da farashin taki. Sai ga hadari ya samu, ko da na wata ƙasa ne. Zaure ya farka. Masu lambu suna ban ruwan albasa waya na aljihu tana magana.

Abdulkabir ya turo hoton taswira mai launin shuɗi da fari, irin wadda ake nuna musu a talabijin. Alhaji ya ce a ajiye wannan zanen, a yi aiki yadda aka saba.

"Tururuwa ta fara kwashe ƙwai?"

"Alhaji, rabona da ganin tururuwa tun da na sauka daga jirgi."

"Tsuntsaye fa? Sun yi ƙasa-ƙasa?"

"Hankaka kawai nake gani, shi ma a takure."

"To ana gumi? Ka san in babban hadari zai zo, sai gari ya ɗaure da zafi."

"Alhaji, numfashina ma daskarewa yake a gashin bakina."

Hashimu ya yi dariya har da tari. "Gashin baki! Malam Mati, ka ji wai har gashin baki aka ajiye!"

Malam Mati kuwa ya sake kunna saƙon, wai bai ji abin da aka ce game da hankaka ba. Inna Kulu tana tankaɗe a bayansa, ta ce wa Ummi ta daina buga turmi haka, kan mutum na ciwo.

A kan abu ɗaya ne duk zauren ya haɗu babu musu: yaron ya sa ido gabas. Abdulkabir ya ce cikin ladabi, a taswirar kamar daga yamma abin yake tahowa. Alhaji ya ce shekarunsa sun haura sittin yana duban sama, bai taɓa ganin hadarin kirki ya fito daga yamma ba, na yamma sai dai ya yi ruguguwa ya watse. Hashimu ma, wanda bai taɓa goyon bayan Alhaji a kan komai ba, ya ce wannan kam gaskiya ne. Har Malam Mati ya sa baki, karo na farko: "Gabas."

Ranar Alhamis bayan azahar, Abdulkabir ya turo bidiyo daga tagar ɗakinsa da ke kallon gabas. Sama fes, rana ta fito fara sol kamar ba ta da lafiya. Alhaji ya ce, to, ga an ce ɗin nan. Malam Mati ya ajiye waya ya tafi ya ba tumaki harawa, ya daɗe a can fiye da yadda aikin ke bukata.

Da ya dawo ya tarar da wani bidiyon. Yaron ya sauko ƙasa zai tafi makaranta, ya zagaya bayan ginin, ya ɗaga wayar. Rabin sama ya rufe, toka-toka mai duhu, ya taho kamar bango.

"Wannan yamma ce," in ji shi. "Ina ta gadin gabas, ashe yana bayana."

Alhaji Sama'ilu ya ce, "Ikon Allah. Ƙasar da hadari ke fitowa daga yamma, Allah Ya sa su gama lafiya."

"Alhaji!" Hashimu kamar zai fito daga cikin wayar. "Ka gane abin da wannan ke nufi? Da a Kanada muke, Malam Mati ne zai riƙa ce maka ka kwashe shanya! Kai ne na ƙarshe! Gezawa ce ƙurya!"

"Rufe mana baki, mai hular da iska ke ɗauka."

Malam Mati ya yi murmushi shi kaɗai, ya shafa gemu.

Kafin la'asar ta yi sanyi abin ya fara sauka. Abdulkabir ya tsaya a waje ya ɗauko musu. Fari-fari yana saukowa a hankali, kamar an buɗe buhun auduga a sama. Malam Mati ya ƙure ƙara yana jiran tsawa, ko rugugi, ko irin kiɗan da ruwa ke yi a kan kwano. Babu. Abin da ake ji kawai numfashin yaron, yana shiga yana fita, da ƙarar takunsa, ƙurus, ƙurus.

Inna Kulu ta zo wucewa da ƙwarya a hannu, ta tsaya a bayan kafaɗar mijinta. Ba ta taɓa tsayawa kallon wayar ba. Suka ji numfashin har bidiyon ya ƙare.

"Ba ya yin ƙara," in ji Malam Mati.

"Ba ya yi," in ji ta. Ta wuce.

Daga nan har dare rahoto yake shigowa, jama'a na karɓa kamar a gonarsu yake sauka. Ya rufe takalmi. Ya rufe matakalar ƙofa. Iska ta taso, an rufe makaranta, motoci sun zama kamar rumbunan da aka shafe da farar ƙasa. Wani ya tambaya ko yana da ƙamshi irin na ruwan fari. Yaron ya ce ba shi da ƙamshin komai, sai dai hanci ya yi zafi.

Ranar Juma'a, mutane sun dawo daga masallaci sun ci abinci, sai ga Abdulkabir a wani fili bayan gidansu. Ya naɗe fuska har ido kawai ake gani. Farin abin ya kai masa gwiwa. Ya jingina wayar a kan wani benci, ya tsuguna, ya cire safar hannu.

"Bismillahi," in ji shi.

Ya yi ta yaɓe ƙanƙarar gefe, hannu ya nutse har ya wuce gwiwar hannu, sannan ya kai ga ƙasa. Ya sa yatsa. Ya sake sawa. Ya ɗauko makulli daga aljihu ya ƙwanƙwasa, aka ji ƙwas ƙwas kamar daɓen siminti. Ya kankaro ɗan gari ya murza a tafinsa, ya nuna wa wayar. A bushe yake.

Sannan ya ce, "Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba. Ƙasar ta daskare. Ko gaɓar yatsa bai shiga ba."

Nan fa zaure ya rikice. Hashimu ya ce a auna ta sama mana, abu har gwiwa, wane ruwa ne ya taɓa kai wa Alhaji gwiwa in ba a rafi ba? Alhaji ya ce ba abin da ya kwanta a kan ƙasa ake aunawa ba, abin da ya shige ta ake aunawa, don shi iri ke sha. In aka fara auna ta sama, gobe wani zai auna kududdufin ƙofar gidansa ya ce a fito shuka. Doka ta ce a faɗi inda danshi ya tsaya, kuma babu danshi. Bayan la'asar zai yi shararsa.

Wayar Malam Mati ta yi ƙara. Hashimu ne, ya kira shi kai tsaye.

"Malam, ka yi magana mana! Kai kaɗai tsohon nan yake jin nauyi. Ɗanka ne fa."

"Doka ce, Hashimu."

"Doka! Wallahi ku mutanen da, sai ku bar abu ya ci ku a ciki."

"Ka gaida gida."

Ya ajiye wayar a kan tabarma, ya ɗauko igiyar gugan da ya riga ya gama gyarawa tun Litinin, yana jujjuya ta. Inuwar rumbu ta fara tsawo. Inna Kulu ta watsa wa kaji tsaki, ta tsaya tana kallonsu suna tsattsaga. Da ta yi magana, kamar da kajin take.

"Shi wannan farin abin, nan zai zauna har abada?"

Malam Mati ya dube ta. Ita ba ta dube shi ba.

Ya ɗauki wayar, ya danna, ya yi gyaran murya. Tambaya ce ta yanayi, kowa na iya yin ta.

"Wakilin Kanada. Wannan abin da ya kwanta, ina yake zuwa?"

Amsar ba ta daɗe ba. Ana jin yaron ya koma ɗaki, yana hura hannu. "Baba, nan zai zauna, wani ma ya sauka a kansa. Sai wajen watan Maris ko Afrilu, in gari ya fara ɗumi, ƙasa ta saki, sai ya narke ya shige. Manoman nan da shi suke fara shuka alkama. In bai sauka da yawa ba, har damuwa suke yi."

Malam Mati ya bar maganar a zaure kowa ya ji.

Aka kira la'asar, aka yi, aka dawo. Sannan muryar Alhaji Sama'ilu ta shigo, a hankali, irin yadda yake yi in zai yanke hukunci.

"Na ji. Wato ruwan yana hanya, bai iso ƙasa ba tukuna. To ni a Gezawa, in ruwa na sauka, ban taɓa aiken mutum ya tona ba sai ya ɗauke. Ba a share mutum ruwansa na tsakiyar zuba. Saboda haka rahoton yaron nan bai ƙare ba." Ya yi tari. "Amma kada ya ɗauka ya sha. Duk Juma'a zai koma wannan wurin da ya tona, ba wani wuri ba, ya sa hannu, ya faɗa mana halin da ake ciki, har ranar da ya shige. In ya tsallake Juma'a ɗaya, na share shi, ko uban wa zai yi magana."

"Allah Ya ja zamanin sarkin tsintsiya!" in ji Hashimu.

"Ban gama ba. Malam Mati, tun da abin daga yamma yake, kai ne na yamma. Kai za ka riƙa karɓar rahoton, ka yi masa tambayoyi yadda ya kamata, kada ya kawo mana an ce. Ni kaina ba ya ɗaukar surutun yaran zamani."

Sauran waɗanda aka jero kuwa, kafin magariba ya share su tas.

Malam Mati ya riƙe aikin da gaske. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya shimfiɗa tabarma, ya ƙure ƙara. Inna Kulu kuma ta mayar da tsintar wake da ɓarar gyaɗa ranar Juma'a, a gindin rumbu. Wakilin Kanada zai ce yau ya ƙaru, ko yau ya yi ɓawo a sama, ko yau ƙasa na nan kamar dutse. Sai tambayoyi su biyo baya. Sanyin yana shiga har ɗaki? Mutanen wurin, me suke ci a irin wannan yanayi? Ana samun zuwa masallaci? Wannan tarin da ake ji, na kowa da kowa ne a garin, ko na mai rahoto ne?

Wata Juma'a Inna Kulu ta ce wa kaji, masu tona ƙasa a can ya kamata su riƙa mayar da safar hannu da wuri. Malam Mati ya isar da wannan a matsayin shawarar zaure.

Da zafi ya fara shigowa a nan, mangwaro ya fara nuna, sai rahoto ya sauya. Farin ya ja baya, ya yi datti, ruwa na bin gefen titi. Ranar nan Abdulkabir ya tsuguna a wurin nasa, ya sa hannu, hannu ya shige cikin baƙar ƙasa mai laushi. Ya tona har gwiwar hannu bai tarar da busasshiya ba.

"Ya wuce gwiwar hannu!" in ji shi, yana dariya, yana nuna taɓo. "Alhaji, a ɗauko sungumi!"

Zaure ya ɗauki kabbara da barka. Alhaji ya ce rahoto ya cika, an karɓa. Hashimu ya ce a aiko masa da alkamar in ta nuna.

Malam Mati bai yi barka ba. Ya zauna da wayar a hannu, yana kallon taɓon da ke hannun yaron. Rahoto ya cika, wato Juma'a mai zuwa babu na karɓa. A gindin rumbu ma ba a jin motsin wake.

Can ya danna, ya yi gyaran murya.

"Wakilin Kanada. Bayan wannan, sai kuma wata shekarar?"

"A'a, Baba. Yanzu ruwan sama zai fara, irin namu, har da tsawa. Ana yi har kaka."

Malam Mati ya gyaɗa kai, kamar yaron na ganinsa. "To. A riƙa tonawa."

Ya ajiye wayar, ya juya wajen rumbu.

"Wai suna da damina," in ji shi.

"To," in ji Inna Kulu. Ta jawo faifan wake ta ci gaba da tsinta.